Gargaɗi ga masu tara katunan besbol: lambar da ke jikin roba ba shaida ba ce

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, musamman mu na Bronx da Harlem, da iyayen da 'ya'yansu suka kamu da son tara katunan 'yan wasan besbol. Akwai wani mutum, ko kuma gungu ne, da ke yawo a zaurukan masu musayar kati na Facebook da Instagram yana sayar da katunan jabu a cikin gidan roba mai tambarin PSA, kamfanin da ke tantance katuna. Ya riga ya cuci wani yaro ɗan unguwarmu, ɗan sakandare, ya cinye masa kuɗin da ya tara a aikin dogon hutu. Ban kawo sunan da yake amfani da shi ba domin sunan ba nasa ba ne. Na wani ɗan kasuwa ne mai gaskiya ya sata, haɗe da hotonsa, ya canza harafi ɗaya. Gobe sunan wani zai ɗauka. Salonsa ne ba ya canzawa, shi zan bayyana muku.

Na san wasu iyayen za su ce wace irin damfara ce za a yi a kan guntun kwali. To, a watan Agusta na 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar da shi kuwa, a kan dala 50,000 ya saye shi a 1991. A Maris na 2025 katin Paul Skenes, wanda wani yaro ɗan shekara 11 ya tsinta a cikin kwalin da aka saya masa, ya tashi a kan sama da dala miliyan ɗaya. Irin waɗannan labarai yaranmu ke gani a waya kullum. Yaron da ya tashi yana jin ihun filin Yankee daga tagar ɗakinsu, yana kallon Aaron Judge ya kafa tarihi a 2022, ba abin mamaki ba ne ya so ya mallaki katinsa. Ni ban ga laifin wannan sha'awa ba, ni ma ina da ita. Amma duk inda kuɗi ya taru haka, 'yan damfara ba sa nisa.

Sai an fahimci yadda ake sa wa kati daraja kafin a gane inda cutar take. Akwai kamfanoni irin su PSA da SGC da Beckett da ake aika wa kati su duba ko na gaske ne, su duba kusurwoyinsa huɗu da gefensa da fuskarsa da daidaiton hoton a tsakiya, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Sai su rufe shi a cikin roba mai tauri su liƙe, su sa takarda a sama mai sunan ɗan wasa da shekara da maki da lambar shaida. Kati iri ɗaya, mai maki 10 yakan ninka mai maki 8 kuɗi sau da yawa. Saboda haka yawancin masu saye yanzu ba katin suke kallo ba, robar suke kallo da lambar da ke kanta.

Ga yadda mutumin nan yake yi. Ba ya fara da babban ciniki. Zai shigo zaure ya yi makonni yana musayar ƙananan katuna na dala biyar, dala goma, kuma yana cika alkawari tsaf, har ya ƙara maka kyautar kati ɗaya a cikin ambulan. Duk wanda ya yi hulɗa da shi sai ya roƙe shi ya rubuta masa shaidar yabo a fili. Wasu daga cikin masu yabon ma shi ne da kansa a wasu asusun. Idan suna ya kafu, sai ranar nan ya fito da labari mai ban tausayi: mahaifinsa ya rasu ya bar masa tarin kati, ga kuɗin haya ya taso, dole ya rabu da su a makon nan. Sai hotuna su biyo baya: katin shekarar farko na Judge na 2017, na Shohei Ohtani na 2018, na Ken Griffey Jr. na Upper Deck bugun 1989, duk a roba, duk maki 10, a kan rabin kuɗinsu ko ƙasa da haka. Idan ka nuna shakka, da kansa zai ce maka ga lambar nan, je ka shafin PSA ka duba. Za ka duba, kuma za ka ga komai daidai: sunan ɗan wasa, shekara, maki.

A nan yaron nan ya faɗa, kuma a nan manya da yawa ke faɗawa. Lambar ta gaske ce, amma ta katin wani ce. Duk wanda ya taɓa sa hoton katinsa a eBay ya bayyana wa duniya lambarsa. Ɗan damfara sai ya kwafe ta, ya buga takarda irin ta kamfanin, ya sami robar jabu, ya saka ko dai katin bogi ko katin gaske mai rauni wanda bai wuce maki 6 ko 7 ba. Shafin PSA abin da yake gaya maka kawai shi ne akwai kati mai wannan lamba a duniya. Bai ce shi ne wanda ke hannun mutumin da kake magana da shi ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne na yaran unguwa. A watan Mayu na 2024 masu gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan sun tuhumi wasu mutum biyu daga jihar Washington da irin wannan salo na sa wa katuna makin PSA na ƙarya, na 'yan wasa da na Pokémon, kuma kuɗin da ake magana ya haura dala miliyan biyu.

Daga nan sai batun biya. Zai ce Zelle kawai yake karɓa, ko Cash App, ko PayPal ta hanyar aika wa dangi da abokai, wai don a kauce wa la'adar kamfani, har ya ce ya rage maka wani abu a kan haka. Zai kuma ce akwai mutum biyu da ke jira, in ba ka turo yau ba ya sallama musu. Kuɗin da aka tura ta waɗannan hanyoyi kamar kuɗin da ka miƙa wa mutum ne hannu da hannu a tasha, ya shiga mota. PayPal ta hanyar sayen kaya ita ce ke da kariya, tana ba ka damar shigar da ƙorafi, shi ya sa ba ya son ta. Wani lokacin ma ba ya wahalar da kansa da robar jabu. Zai ba ka lambar bin sawun saƙo ta gidan waya, ta nuna an kai kaya, alhali ambulan ce wayam ya aika wani adireshi a yankinku mai lambar gidan waya ɗaya da taka.

Kada wani ya ɗauka cewa ko da robar ta gaske ce magana ta ƙare. Katin da ya fi kowanne suna a wannan harka shi ne na Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh, wanda kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa sakawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. 'Yan gommai ne kawai suka rage a duniya. Mafi kyawun cikinsu Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saye shi a 1991 a kan dala 451,000, kuma shi ne kati na farko da PSA ta taɓa ba wa maki, ta ba shi 8. A 2007 Ken Kendrick, mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks, ya biya dala miliyan 2.8 a kansa. Shekaru ana raɗe-raɗin an taɓa katin, ana musantawa. Sai a 2013 Bill Mastro, wanda ya taɓa zama babban mai gidan gwanjo a wannan kasuwa, ya amsa a gaban kotun tarayya a Chicago cewa shi ya datse gefen katin don ya yi kyau, ya ɓoye wa masu saye. A 2015 aka yanke masa wata 20 a gidan yari. Idan aka iya wuce da datsattsen kati ta gaban ƙwararru da attajirai a kan kati mafi shahara a duniya, ina ga ni da kai da muke saye ta hoton waya da daddare?

Akwai abu na biyu da Mastro ya amsa, wanda ya fi damuna domin har yau ana yin sa a ƙananan gwanjo: sa mutanensa su riƙa taya kaya ba don su saya ba, sai don farashi ya hau. Malamanmu sun san wannan tun tuni, shi ne najashi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Illarsa ba ta tsaya a kan wanda ya saya ranar ba. A wannan kasuwa kowa da farashin cinikin baya yake auna kayansa, don haka tayin ƙarya ɗaya yana iya ɗaga kuɗin kati a idon dubban mutane. A Agustan 2021 eBay ta dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan masu sayarwa a shafinta, bisa zargin irin wannan tayi, kamfanin kuma ya musanta. Mutumin da nake gargaɗi a kansa yana nuna hoton ciniki guda ɗaya mai tsada ya ce ga farashin kasuwa. Ka duba cinikin da aka kammala da yawa, na watanni, kada ka tsaya a kan wanda ya zaɓo maka.

Tsofaffin katuna kuwa, kamar na Mantle, labarin "na tsinta a akwatin kakana" ya tsufa. Topps da kanta ta sake buga katin 1952 a 1983 da kuma 1996, sai wasu su ɗauki sabon bugu ko kwafi su jiƙa da shayi, su goge kusurwoyi, ya yi kamar ya shekara saba'in.

Ni dai ga abin da nake yi, kuma shi nake roƙon ku yi. Ba a cinikin biri a sama. Kafin maganar kuɗi, mai sayarwa ya ɗauki bidiyon katin gaba da baya tare da takarda mai sunanka da kwanan watan ranar, rubutun hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka shiga shafin kamfanin da ya ba da maki, in akwai hoton katin a can ka gwada shi da wanda aka turo maka, ka duba inda hoton ya karkata, da ɗan tabo ko ɗigo, domin kati biyu ba sa zama ɗaya ta kowace fuska. Ka nemi lambar a intanet ka ga ko wani yana sayar da kati mai ita a wani gari. Idan robar ta zo hannunka, ka duba gefenta: wadda aka fasa aka sake liƙewa takan yi fari-fari kamar hazo a wurin haɗin. Katin da ba ya cikin roba ka auna shi. Tun 1957 girman katin da aka saba inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo, wanda ya gaza haka ko kaɗan a yi hattara da shi. Ƙaramin gilashin ƙara girma na masu gyaran agogo ba shi da tsada, yana nuna bambancin bugun kamfani da na injin gida, musamman a baƙin rubutu. Kati mai tsada kuwa gara a saye shi ta eBay inda ake bi da shi wurin masu tantancewa kafin ya iso gare ka, ko a shago, ko a taron baje kolin katuna inda za ka riƙe shi a hannu ka kuma tambayi na kusa.

Musaya ita ce daɗin wannan harka, kuma ita ce ta fi rauni, don babu kuɗi a tsakani balle kamfani ya shiga. Al'adar ita ce sabon shiga shi ke fara aikawa. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake gina suna tukuna, don kai ka fara. In katin yana da nauyi, ku sami amintaccen mutum na uku da ku duka kuka sani ya karɓi kayan kowa. Kuma kada ka yarda da hoton shaidun yabo da aka turo maka. Ka tuntuɓi biyu daga cikin masu yabon da kanka, ka duba yaushe aka buɗe asusunsu.

Iyaye, akwai wani abu kuma da ya kamata ku sa wa ido, ko da ba damfara ce kai tsaye ba. A manhajoji irin su Whatnot ana buɗe kwalin kati kai tsaye a bidiyo, mutane su sayi gurbi, kowa a ba shi ƙungiya, abin da ya fito na ƙungiyarka naka ne. Yawanci abin da ke fitowa bai kai kuɗin da aka biya ba. A ganina wannan ya fi kusa da caca fiye da tara kati, kuma yaro yana iya ƙarar da kuɗi mai yawa a dare ɗaya da katin bankin uwarsa.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun nan ne jarin mutumin. Kada ka goge hirar, ka ɗauki hoton komai, da sunan asusun da lambar waya ko imel ɗin da ka tura wa kuɗi. Ka kira bankinka a ranar. Ka kai ƙara shafin IC3 na hukumar FBI, mai karɓar ƙarar laifukan intanet, da na hukumar FTC mai kare masu saye, kuma in ta gidan waya aka aiko kayan, hukumar binciken gidan waya ta Amurka tana karɓar irin wannan ƙara, domin damfara ta wasiƙa laifi ne na tarayya, da shi aka kama Mastro. Ka sanar da PSA lambar da aka kwafa, ka sanar da shugabannin zauren, ka kuma sanar da ɗan kasuwar da aka saci sunansa, don shi ma an zalunce shi. Yaron unguwarmu ya yi duk wannan tare da mahaifinsa, an rufe asusun, kuɗin dai har yanzu ba su dawo ba. Duk wanda ya ga wani ya ɓullo da labarin rasuwar mahaifi da katunan Judge da Ohtani a rabin kuɗi, ya taimaka ya sanar da jama'a tun kafin wani ya tura.