Sharhi a Kan Naɗe Bututun Intakula da Kyallen Kare Zafi

Ina da tirela ƙirar DAF da ke ɗaukar siminti daga Ashaka zuwa Gombe, wani lokaci har Yola ta Kaltungo, kuma tun farkon bazarar da ta wuce na sa aka naɗe mata bututun intakula, wato na'urar da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin, da kyallen kare zafi na zaren gilashi mai rufin alminiyam. Kayan yana da amfani, amma a bututu ɗaya kawai cikin bututu biyun da intakula ke da su, kuma amfanin bai kai yadda masu sayarwa suke kururuta shi ba.

Turbo yana matse iska kafin ta shiga injin, matsewar kuwa tana ɗumama ta har takan wuce digiri 150 idan mota tana jan lodi a hawa. Intakula, wadda take zaune a gaban lagireto, ita ce ke sanyaya iskar domin gas ya ƙone yadda ya kamata. Bututun da ya taso daga turbo yana zubar da wani kaso na zafinsa ta jikin ƙarfen tun kafin ya isa intakula, saboda haka naɗe shi tamkar lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ne, kuma na ji daɗi da makanikena ya ƙi taɓa shi. Wanda ya fito daga intakula zuwa injin shi ne mai buƙatar kariya, domin yana ɗauke da iskar da aka riga aka sanyaya, alhali hucin injin da iskar da fanka ke jawowa ta lagireto suna dukan sa.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai wa digiri 40, na lura motar ta rage kasalar da takan yi bayan doguwar tsayuwa injin na aiki, ko idan tana hawa a ƙaramar giya. A miƙaƙƙiyar hanya ban ga wani bambanci ba, tun da iskar tana ratsa bututun da gudu, ba ta samun lokacin ɗaukar zafi. Shan mai ma yana nan yadda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne kyallen yana tsotse baƙin mai da ruwan damina, kuma yana iya ɓoye tsagewa a jikin bututu, wadda da can alamar mai za ta nuna ta da wuri. Shi ya sa muka bar bakin tiyo da kilif-kilif a buɗe. Gam ɗin da ya zo da shi bai jure zafi ba, sai da aka ƙara ɗaure shi da wayar ƙarfe.

Wanda motarsa ke nauyi a hawa ya fara duba haƙarƙarin intakular, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta tsakaninsu, domin ƙurar hunturu tana toshe su, kuma wanke su ya dawo wa tawa motar da ƙarfi fiye da abin da naɗin ya ƙara mata.