I-gel, LMA ko bututun maƙogwaro: abin da na gani a ɗakin tiyata

Aikina sa majinyata barci ne a ɗakin tiyata, kuma duk wanda ya san aikin ya san allurar barci ba ita ce mai wuya ba. Jan aikin shi ne kula da numfashin mutum bayan barci ya ɗauke shi. Na daɗe ina aiki da LMA Classic kafin i-gel ya shigo hannunmu; dukansu na'urori ne da ake zura wa majinyaci ta baki don iska ta riƙa kai wa huhunsa cikin barci. Yanzu kuwa, a gajerun ayyuka irin su gwaiwa ko cire ƙari a nono, i-gel nake fara ɗauka.

LMA, wanda Dakta Archie Brain ya ƙirƙira a Ingila ya kuma shiga kasuwa a 1988, yana zama ne a bakin maƙogwaro, ba ya shiga ciki. Sai an hura bakinsa da sirinji kafin ya kama, kuma nan gizo ke saƙar. Ƙa'ida ita ce kada matsin iskar ya wuce santimita 60 na ruwa, amma ɗakunan tiyata nawa ne ke da ma'aunin? Yawanci da yatsa ake latsawa a yi kintace. In iskar ta yi yawa, majinyaci ya farka yana kukan ciwon wuya, ko yawu ya kasa haɗiyewa.

I-gel, na kamfanin Intersurgical, ya fito a 2007, ƙirar Dakta Muhammed Aslam Nasir. Babu abin hurawa a jikinsa, roba ce mai laushi da aka yi daidai da siffar wurin. Ka shafa masa man santsi a baya da gefe, ka ɗan danna haɓar majinyaci, ka bi ganɗa da shi har ka ji ya tsaya, baƙin layin jikinsa ya zo daidai haƙora. Shi ke nan. Lamba 3 mai ruwan ɗorawa na mai kilo 30 zuwa 60 ne, lamba 4 kore na mai kilo 50 zuwa 90. Yana da ƙaramar kafa ta zuƙe ruwan ciki, wadda Classic ba shi da ita, kuma wuyansa na da tauri. Na sha ganin mai farkawa ya datse bututun LMA da haƙora, iska ta tsaya cak, hankalin kowa ya tashi. Da i-gel ban ga haka ba.

Yana da nasa aibin. A ƙaramin baki yakan naɗe harshe ya tura shi baya, ga mai ƙiba sosai kuma iska kan tsere ta gefe. Sannan sau ɗaya aka yi shi a yi amfani da shi a yar, alhali Classic ana iya turara shi a kashe ƙwayoyin cuta a sake amfani da shi har sau 40. A asibitin da majinyaci ke sayen komai da kuɗinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk da haka ban yarda a wanke i-gel a mayar wa wani ba.

Inda ba na sassauci shi ne mai abinci a ciki. Yaron da taifot ta huda wa hanji, mai naƙuda da za a ciro wa jariri cikin barci, wanda aka kawo daga hatsarin mota: waɗannan sai bututun da ke shiga cikin maƙogwaro a hura shi ya toshe wa amai hanyar shiga huhu. Wani babban bincike na Birtaniya mai suna NAP4 a 2011 ya nuna amai da ya koma huhu shi ne kan gaba wajen kisa cikin matsalolin hanyar numfashi lokacin sa barci. Bututun na buƙatar fitilar leƙa maƙogwaro da allurar sassauta jiki, yakan kuma sa tari wajen farkawa, na yarda. Ko a ranar da zan sa shi, sai na ajiye i-gel lamba 4 kusa da hannuna, domin in bututu ya ƙi shiga da shi zan ba mutum iska.