Keken dutse mai shokazoba gaba da baya na hawa fak: me za ka duba kafin ka zuba kuɗinka

'Yan uwa masu sha'awar keken dutse, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kai su Ingila ko Jamus ko Kanada suka leƙa fak, wato wurin da aka gina hanyoyin gangara da tsalle don kekuna, sau ɗaya abin ya shiga ransu, tambayar da ake ta maimaitawa ita ce wai keke guda ɗaya zai iya yin komai? A hau tudu da shi da feda ranar aiki, ranar Asabar kuma a rataye shi a lif mai kai mutane saman dutse a gangaro a yi tsalle da shi? Zai iya, amma fa ba kowane ba, kuma abin da yawancin mutane ke kallo wajen zaɓe ba shi ne ke kashe keke a fak ba.

Ga yadda aka kasa kekunan a taƙaice. Ana auna nisan da shokazoba ke barin taya ta lotsa da milimita. Na tseren daji marasa nauyi 100 zuwa 120 ne, na gangara zalla irin na gasar duniya 200, masu enduro, wato tseren da ake hawa da feda amma gangarar kawai ake ƙirga wa lokaci, 160 zuwa 180, namu da muke magana a kai kuma suna tsakiya, wajen 140 zuwa 160 a baya. To mutum sai ya zauna yana lissafin wannan 150 ne wancan 160 ne kamar milimita goman nan ce za ta cece shi in ya dira ba daidai ba, alhali keke biyu masu 150 ɗaya zai shanye dirar ɗayan kuma ka ji ƙwas ya buga ƙarshe har cikin idon sawunka.

Bambancin yana wajen yadda aka tsara lotsawar bayan. Akwai firam, wato gangar jikin keken, da tun daga farko har ƙarshe taushinsa kusan ɗaya ne, akwai wanda yana lotsawa yana ƙara tauri, wannan na biyun shi kake so a fak. Ka saita shokazoba ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari in ka hau ka tsaya, in da hakan kana buga ƙarshe a kowane tsalle to ko a ƙara 'yan robobin nan da ake sakawa cikin gwangwanin iska don rage masa ciki, ko kuma keken ne ba na aikin ba. Nan ne ma maganar shokazoba mai sifirin da mai iska ke shigowa. Mai sifirin irin Fox DHX2 ta fi kama ƙasa kuma ba ta damu da zafi ba in gangara ta yi tsawo, amma in ka saka ta a firam ɗin da ba ya ƙara tauri a ƙarshe ka ɓata abin, ga nauyi, ga shi in ƙibarka ta canja sai ka sayi wani sifirin. Mai iska irin Float X ko Super Deluxe famfo kawai za ka sa ka gyara, kuma ta fi tashi sama a bakin tsalle. Ni dai a keke mai 150 na fi son iska mai ƙaramar tankin nan a gefe, wadda ba ta da tankin ka bar ta wa masu yawon daji.

Abu na biyu wanda kusan ba mai dubawa, ajin ƙarfin da kamfani ya ba firam ɗin. Akwai ma'aunin ASTM mai lamba 1 zuwa 5, aji na 3 tsallen da bai kai santimita 61 ba, aji na 4 har santimita 122, aji na 5 shi ne wanda ya wuce nan. Yawancin kekunan tsakiyar nan aji na 4 ne. Ma'ana in burinka manyan dira irin na firirayid ɗin gaske, wato hawan nuna bajinta da tsalle daga wurare masu tsayi, irin wanda aka faro a dazukan North Shore na Vancouver a Kanada ko abin da kake gani a gasar Red Bull Rampage can Utah ta Amurka, wallahi ba wannan layin za ka tsaya ba, kuma in firam ya tsage a wajen da ya wuce ajinsa garanti na iya zama labari. Amma hanyoyin tsalle da aka gina da katafila masu wajen dira mai gangara, irin hanyar A-Line ta fak ɗin Whistler a Kanada ko hanyoyin BikePark Wales na Birtaniya masu alamar ja ta wahala, mai 150 mai kyau yana yinsu lafiya lau, wani lokacin ma ya fi babban keke daɗi don ba ya shanye maka ƙarfin da ka danna.

To bari mu zo kan kekunan kansu. Santa Cruz Bronson 150 ne baya 160 gaba, babbar taya 29 a gaba ƙarama 27.5 a baya, kuma kusan don irin wannan wasan aka yi shi, yana son kwana yana son tashi, kamfanin kuma na ba mai shi na farko boris ɗin gaɓoɓin firam kyauta muddin keken na hannunsa, abin da ba ƙarami ba ne ga mai hawa cikin taɓo. Matsalarsa kuɗi, tsada gare shi ba wasa. Transition Patrol 160 ne gaba da baya, shi ma tayoyin haɗe-haɗe, gabansa a kwance sosai wajen digiri 63 da ɗoriya, akwai na alminiyam, in fak ya fi yawa a rayuwarka ya fi Bronson natsuwa a wajen duwatsu amma za ka ji shi a cinya wajen hawa. Tsohon samfurin Specialized Status mai 160 shi ne na talaka a cikinsu, alminiyam ne, bayansa gajere ƙwarai milimita 426, ɗaga gaba da shi kamar wasa, sai dai dogon mutum in ya ɗauki babban sayiz zai ji tayar gaba na son zamewa a kwanar da ba ta da jingina sai ya koyi danna gaban da gangan.

Sai su Trek Fuel EX samfurin 2023 mai 140 da 150, da Stumpjumper 15 mai 145 a baya, da Canyon Spectral. Waɗannan kekunan daji ne da za su iya leƙa fak, ba kekunan fak ba ne da za su iya leƙa daji, ka gane bambancin. Fuel EX ɗin yana da wani ɗan ƙarfe da ake juyawa a ƙara wa lotsawar tauri, wanda ke nuna an yi tunanin mai tsalle, to in kashi bakwai cikin goma na hawanka feda ce su za ka duba. In kuma ka lissafa ka ga gaskiya lif kake bi ko mota ke kai ka sama kusan kullum, daina wahalar da kanka da maganar tsakiya, ka je kan Commencal Clash ko Canyon Torque ko Propain Spindrift, sun wuce 160 amma don dukan aka ƙera su. Commencal ɗin ma 'yan Andorra ne kuma alminiyam kawai suke yi.

Wanda ya kawo mu kan kabon da alminiyam. Ra'ayina a fili yake, in kuɗinka ƙayyadadde ne ka ɗauki alminiyam mai kaya masu kyau ka bar kabon mai kayan araha. Keken fak yana shan wuya ko ba ka faɗi ba, ƙugiyar lif na gogarsa, a jingina shi da na wasu a bayan tirela, tayar gaba ta watso dutse ya daki ƙasan firam. Alminiyam ya lotsa ka ga lotsawar da idonka, kabon kuwa wani lokacin ciwon na ciki. Rabin kilo ko kilo ɗayan da za ka rage ba ya nufin komai a keken da dama zai kai kilo 15 zuwa 17 in ka sa masa tayoyin kirki.

Tayoyin nan kuwa su ne inda kamfanoni ke yi mana wayo don keke ya yi sauƙi a sikeli. Sai ka ga keke mai tsada an sa masa tayar Maxxis mai siririyar fatar da ake kira EXO, wadda ranar farko a wuri mai duwatsu irin Morzine ta Faransa za ka yanka gefenta ka zauna bakin hanya kana kallon farin ruwan faci na tsartuwa mutane na wuce ka. Ka sa kuɗin mai fata mai kauri ta DoubleDown ko mai fatar gangara zalla a lissafinka tun kafin ka biya, aƙalla a baya, Assegai gaba Minion DHR II baya haɗi ne da ba ya ba da kunya, ko Magic Mary ta Schwalbe in wurinku damina ba ta ƙarewa. Birki ma haka, mai fistin huɗu dole ne, SRAM Code ko Maven ko Shimano XT ko Magura MT7, da faifai 200 ko 203 gaba da baya, mai jiki ya sa 220 a gaba. Ƙaramin birki a gangarar minti goma zafi yake ɗauka ya yi laushi, kai kuma ka yi ta matsa har yatsunka su ƙage ka kasa buɗe hannu a ƙasa. Shokazobar gaba kuma Fox 36 ko RockShox Lyrik sun isa mai 150 zuwa 160, Fox 38 da ZEB masu kaurin milimita 38 na masu nauyi ne da masu duka sosai, Fox 34 kam a'a. Giya ita ce ta ƙarshe da za ka damu da ita, Shimano Deore ta wadatar, dama dutse ne zai cinye ta.

Maganar sayiz, in ka faɗo tsakanin biyu kuma tsalle da wasa kake so ɗauki ƙaramin, in gudu a wajen gargada ka fi so ɗauki babban. Yawancin manyan fak suna ba da hayar keke, kuɗin hayar yini ɗaya ko biyu ka gwada mai ƙaramar taya a baya da mai 29 duka biyu ya fi duk wani bidiyo da za ka kalla.

Na hannu akwai riba sosai amma ka yi hattara da wanda ya yi kaka guda cur a fak ko tsohon na haya. Ka kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe ka ji ko boris ya yi sako-sako, ka ɗaga sirdi a hankali ka ji ko akwai ƙwas-ƙwas a wajen shokazoba, ka goge ƙura ka haska fitilar waya a duk wajen walda musamman ƙasan wuya da kusa da feda, ka shafa sandunan shokazobar gaba da farce ko akwai ƙarzuwa don ita ce ke cinye roba mai ya riƙa yoyo. Tambayi yaushe aka yi mata sabis, RockShox cewa suka yi a canja man ƙasa duk awa 50 na hawa, babban sabis awa 200, wanda ya ce maka bai taɓa buɗewa ba cikin shekara biyu ka cire kuɗin bakanike daga farashin. Garanti kuma yawanci na mai shi na farko ne, ba ya biyo ka.

Wanda ke da niyyar komawa gida da keken, ya haɗa da takalman birki da yawa, da boris ɗin firam saiti guda, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jiki guda biyu, da robobi da man shokazoba da famfonta. Sannan duk keken da ka zaɓa ka ware kuɗin hular kwano mai rufe haɓa da abin gwiwa da na baya tun farko, wasu fak ɗin ma ba sa barin yara su hau lif ba tare da cikakkiyar hular ba.