Wata uku ina shan probiotics saboda kurajen fuska

Shekarata 33, 'ya'yana biyu, amma haɓata da muƙamuƙina suka koma kamar na 'yar sakandare. Kuraje ne masu tauri a ƙarƙashin fata, da al'ada ta gabato sai su tashi, in sun baje su bar baƙin tabo. Wata ƙawata a Anguwan Rogo, nan Jos, ta ce ai daga hanji matsalar take. Na je wani kemis a Terminus na sayo kwalbar probiotics, wato ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji, mai kafso 30, an rubuta Lactobacillus da Bifidobacterium a jikinta, na duba lambar NAFDAC sannan na biya. Kuɗin kam ya cinye cefanen mako guda.

Gaskiya cikina ya gode. Satin farko iska ta dame ni, daga baya kumburin da nake yi in na ci wake ya ragu, bayan gida ma ya daidaita. Fuskar kuwa shiru kake ji. Kwalba ta biyu ta ƙare, kurajen nan daram.

Dole na je wurin likitar fata. Ko kwalbar ba ta kalla ba, ta ce, "Hajiya, me kike shafawa?" Na fito da man haɗin da nake saye wurin wata mai kayan kwalliya. Ta ce irin wannan sau da yawa akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira steroid a ciki, kuma shi kansa yana fesar da kuraje. Kunya ta kama ni. Ta rubuta min magungunan shafawa, benzoyl peroxide da safe, adapalene da dare, ta tambaye ni ko ina da juna biyu don mai ciki ba ta shafa adapalene, ta ce in yi haƙurin sati 8 zuwa 12. Ta kuma ce in rage lemon kwalba da farin burodi da sukari, don suna ɗaga insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, fata ta ƙara maiƙo. A sanyin Jos a hana mutum shayi mai sukari cokali huɗu? Wannan ya fi min komai wuya.

Kan probiotics, ta ce binciken da aka yi game da kuraje bai yi ƙwari ba tukuna. Na dai ƙarasa kwalba ta uku tun da na riga na biya. Yanzu sabbin kuraje sun ragu sosai, saura tabo. Ga mai kumburin ciki zan ce ya gwada, ga fuska kuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A madadin probiotics na koma kindirmon Fulanin Farin Gada, ba sukari.