Shagon zaren saƙa a Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda baƙo mai sana'ar saƙa ya sauka a gidansa a Kano, zai fi masa alheri ya nufi Kasuwar Sabon Gari da shi maimakon Kantin Kwari, domin Kwari ta fi ƙarfi a atamfa da shadda da yadi. A Sabon Garin muka samu wani ƙaramin shago a layin masu kayan ɗinki, lokacin da gwaggona ta zo daga Damagaram tana neman zaren da za ta saƙa wa jikokinta huluna da safa kafin hunturu ya kankama.

Zaren da ke shagon galibinsa na roba ne, duk da cewa ulu ake kiransa, kuma mai shagon bai ɓoye mana hakan ba, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Gwaggo ta warware bakin wani dunƙule, ta goga shi a wuyanta don ta ji ko zai yi wa fatar jariri kaushi, shi kuwa bai nuna gajiyawa ba. Shi ne ma ya ba ta shawarar ta sayi duk abin da take buƙata na launi ɗaya a lokaci guda, saboda rinin sabon kaya yakan ɗan bambanta da na tsoho.

Shagon yana da ƙunci, babu wurin zama, zaren auduga kuma kaɗan ne. Kwarashi da allurar saƙa akwai su manya da ƙanana, ana kuma yin ragi ga mai sayen dozin.