Hattara da masu tallar filastar ciwon kafaɗa a Yamai

Jama'a, akwai tallar da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wasu ma suna bin rumfunan Katako da Wadata da kayan: filasta mai launi da ake liƙawa a kafaɗa. Wai magani ne a jikinta, wai ja ta sanyin ƙashi ce, shuɗiya ta jijiya, baƙa kuma tana mayar da kafaɗar da ta goce. Sai ka tura kuɗi kafin a kawo maka. Mu da ke aikin gashin ƙashi muna shaida muku cewa zambo ne.

Filastar ta gaske akwai ta. Kenzo Kase, ɗan Japan, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, duniya kuma ta san ta a wasannin Olamfik na 2008 a Sin. Auduga ce mai talewa da danƙo a baya, babu ƙwayar magani ko ɗaya a ciki, launin kuwa ado ne kawai. Iyakarta ta ɗan rage zafi na 'yan kwanaki. Ba ta ɗinke naman da ya yage, ba ta sakin kafaɗar da ta sandare.

Naɗi guda faɗinsa santimita 5, tsawonsa mita 5. Su kan yanka shi santimita 25-25, ya ba su yanki 20, kowanne a sayar da shi kamar maganin asibiti. Wasu ma filastar ɗaure rauni ce aka rina. Ku gwada: ta gaske tana da takarda a baya, tana talewa ta tsawo amma ba ta faɗi ba, danƙonta kuma a jere yake kamar igiyar ruwa. Wadda ta sha ranar Afrilu a kan tebur, danƙonta ya riga ya mutu.

Liƙawar ma ba su iya ba. Ana wanke fata, ta bushe, ba man kaɗanya, a rage gashi. A yanka filastar kamar harafin Y, a zagaye kusurwoyinta da almakashi, a kafa gindin a tsakiyar damtse ba tare da ja ba, reshe ɗaya ya bi gaban kafaɗa, ɗaya ya bi baya, da ja kaɗan, kamar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Bakin ƙarshe ba a jansa ko kaɗan. Sai a murza da tafin hannu danƙon ya kama. Masu tallar kuwa ja suke iya ƙarfinsu don ka ji ta ɗame, daga nan fata ke yin bororo, musamman da zufarmu. Kwana 3 zuwa 5 ake barinta. In ƙaiƙayi ya taso a cire nan take, a hankali, ta inda gashi ya kwanta. Ba a sa ta a kan rauni ko ƙuraje.

Wanda ya faɗi a babur ya kasa ɗaga hannu, hoto yake buƙata a asibiti. Mai ciwon suga da kafaɗarsa ke sandarewa, motsa ta a hannun ma'aikacin kine, wato mai gashin ƙashi, zai taimake shi. Ciwon kafaɗar hagu kuwa da ya zo da nauyin ƙirji, zufa da sarƙewar numfashi, yana iya zama zuciya: a wuce da shi sashen gaggawa na Babban Asibitin Yamai a lokacin, kada a tsaya neman mai filasta.