Wata uku da OpenBSD a kan tsohuwar ThinkPad

Na sa OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows ko Linux, a kan wata laftof ThinkPad ta hannu, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Firefox. Na je ɗora hoton fasfo a wani fom, na buɗe tagar zaɓen fayil, sai ga ta wayam, babu komai sai Downloads. Na ɗauka na ɓata wani abu. Ashe aikin unveil ne, wata dabarar tsaro ta OpenBSD da ta shigo a sigar 6.4 a 2018: manhaja ba ta ganin komai sai inda aka buɗe mata ƙofa. Yayansa pledge, na 2016, shi ke kashe duk manhajar da ta yi abin da ba ta yi alkawarin yi ba. Yanzu sai in kwafa fayil zuwa Downloads tukuna. Da farko na yi tsaki, daga baya hankalina ya kwanta, domin ko shafin ɓarayi na faɗa, ba za su kai ga takarduna ba.

Wajen hoto ma an ci gaba. Katin hotona na Intel ya tashi da kansa, fw_update, mai sauko da ƴan manhajojin da kayan kwamfuta ke buƙata, ya jawo abin da ya rage. Masu katin AMD sun samu direban amdgpu, manhajar da ke tafiyar da katin, tun 2019, kuma tun sigar 7.6 akwai VA-API, wanda ke rage wa firosesa nauyin bidiyo.

Mai katin NVIDIA kam ya haƙura. Bulutut ma babu, don haka na koma iyafis mai waya.